Noman Dankalin Turawa a Cikin Buhu

Jawabin da malamin gona ya yi wa manoman auduga na ƙasar Funtuwa

  Kun saba ganina cikin gonakin auduga, ina duba tsutsa, ina awon tazara, ina damunku da zancen feshi. To, yau ba zancen auduga na kawo muku ba. Zancen buhun taki ne, wanda kuka juye cikin damina kuka yar a bayan rumbu. Ina so in nuna muku yadda za ku noma dankalin Turawa a cikinsa, a tsakar gida, ba tare da kun taɓa ko kunya ɗaya ta gonarku ba.

Amma kafin in faɗi yadda ake yi, bari in ba ku labarin mutum biyu da suka gwada suka fāɗi. Na farko wana ne, na biyu kuwa ni ne.

Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Libirbil, babban birnin ƙasar Gabon, can bakin teku, kudu da Kamaru. Yana 'yar tireda a babbar kasuwarsu da ake kira Mon-Buwe. Mutanen Gabon ba su noma abin da zai ishe su ci, galibin abincinsu daga waje ake kawo shi. Dankalin Turawa da ake sayarwa a kasuwar nan, wani daga duwatsun yammacin Kamaru manyan motoci ke ɗauko shi, su biyo ta Bitam da Oyem, wani kuma jirgin ruwa ke kawo shi daga Turai. Saboda haka yana da tsada ƙwarai. Wana ya ga hoto cikin wayarsa, wata Baturiya ta kife bokiti, dankali ya zubo tuli. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, wannan ba zai gagare shi ba. Ya nemi bokitan fenti guda huɗu ya wanke, ya sayi ƙasa, don tsakar gidan da yake haya duk siminti ne. Ya shuka. Dankali ya tsiro ya yi ganye shar, har maƙwabta suna leƙowa kallo. Bokiti biyu suka yanƙwane tun ba su yi wata biyu ba. Sauran biyun ya yi ta ba su ruwa har wata uku, ran nan ya tara 'ya'yansa, ya kife. Babu kome sai saiwa da ruɓaɓɓen iri mai wari. Ya kira ni ya ce, "Kai da ka ce ka yi karatun gona, gaya mini wa ya yi wa dankalina baki."

Na yi masa dariya, amma ban daɗe ina dariyar ba. A shekarar nan ni ma na gwada nawa a gidanmu. Na jira sai da muka sayar da auduga na sami kuɗin iri, na shuka buhu shida a ƙarshen Janairu. Ganye ya yi kyau. Da na juye cikin Afrilu, abin da na samu bai fi ƙwan zabo girma ba, duka bai cika ƙwaryar sha ba. Tsohuwata ta duba ta ce ko kuɗin irin ban mayar ba. Gaskiyarta.

Da ni da wana abu ɗaya ne ya kā da mu, watau zafin dare. Wannan ita ce maganar da na fi so ku riƙe yau, in kun manta sauran duka.

Dankalin Turawa, ko da ya ke mun laƙaba masa sunan Turawa, asalinsa ba na Turai ba ne. Daga manyan duwatsun Amurka ta Kudu ya fito, wajen ƙasar Peru da Bolibiya, inda sanyi ke da yawa. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen shekarar 1570, daga baya Turawa suka kawo shi ƙasarmu. Bai zauna ko'ina sosai ba sai kan tudun Jos, wajen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, domin tudun nan ya ɗara bakin teku da ƙafa wajen 4,000, dare can kullum da sanyi. Har wa yau akwai ma'aikatar binciken dankali a Kuru, kusa da Jos.

Ga dalilin da ya sa yake son sanyi. Da rana ganye yakan haɗa abinci da hasken rana. Da dare, in ƙasa ta yi sanyi, sai shukar ta saukar da abincin nan ƙarƙashin ƙasa ta ajiye. Ajiyar nan ita ce dankalin da muke ci. In dare ya yi zafi, shukar ba ta ajiya, sai ta cinye abincin wajen yin tsawo da ganye. Kamar magidanci ne da ke samu kullum, amma kome ya shigo ya tafi wajen riga da hula, rumbu kuwa wayam. Masana sun auna sun ga ya fi zuba 'ya'ya in zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20. In ya wuce 20 sai 'ya'yan su ragu, in ya kai wajen 30 sai ya daina ɗungum.

To, Libirbil tana bakin teku ne, kusa da tsakiyar duniya. Ba su san hunturu irin namu ba. Dare can ba ya sauka ƙasa da digiri 20 sai da ƙyar, ko cikin watan Yuli da su ke kira lokacin sanyinsu. Ruwan sama kuma yakan wuce inci 100 a shekara, mu nan wajen inci 40 muke samu. Zafi ya hana 'ya'ya, laima ta kawo ruɓa. Da wana ya je ya duba masu lambu na gefen gari, wajen Owendo, waɗanda wata hukumar taimakon manoma da ake kira IGAD ke kula da su tun 1992, ya ce ya ga latas da alayyafo da yakuwa da gauta da kuɓewa, bai ga dankalin Turawa ko tushe ɗaya ba. Su da suka san ƙasar ba su ɓata irinsu.

Mu kuwa Allah ya ba mu abin da mutanen Libirbil ba su da shi. Cikin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, dare nan yakan sauka digiri 13 ko 15, har yara su kwana gindin murhu. Wannan sanyi shi ne jarinmu. Amma fa gajere ne. Dankali yana bukatar kwana wajen 90 daga shuka zuwa haƙa, zafin bazara kuwa yakan fara shigowa tun ƙarshen Fabrairu. Ku ƙirga baya da kanku. Lalle ne a shuka daga farkon Nuwamba zuwa makon farko na Disamba. Wanda ya kai tsakiyar Disamba ya makara, wanda ya kai Janairu ya bi sawuna.

Na san abin da ke ranku. Nuwamba lokacin tsinkar auduga ne, babu mai hannun banza, kuɗin auduga kuma bai shigo ba tukuna. Gaskiya ne, kuma don haka ne ban ce ku je fadama ku yi lambu ba. Buhu goma aikin yamma ɗaya ne. In an gama shuka, sauran aikin ban ruwa ne, uwargida da yara sun isa, ba sai sun fita ƙofar gida ba. Iri kuma ba shi da yawa. Buhu goma dankali 20 ko 30 kaɗai za su ci. Kaza ɗaya ta isa ta saya maka.

Zancen iri nan ne mutane suka fi yin kuskure. Dankalin da aka haƙa jiya ba ya tsira yau. Yakan yi barci wata biyu ko uku tukuna. Saboda haka ka nemi irinka tun cikin Satumba ko farkon Oktoba, daga na damina da ake kawowa daga Jos. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka sami mai sayar da iri na gaske, ka tambayi Nicola ko Marabel, manoman Jos sun san su. Ka zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai santsin baya, wanda ba shi da rauni ko taushi ko baƙin tabo. Ka yanka guda ɗaya ka duba cikinsa. In ka ga zobe mai ruwan ƙasa kewaye da cikin, ko ka matsa ka ga farin ruwa kamar mugunya yana fita, ka bar wa mai shi kayansa duka, cutar yanƙwanewa ce, ba ta da magani. In ka kai gida, ka baza irin a kan faifai ko tabarma cikin inuwa inda haske da iska ke shiga. Kada ka rufe shi cikin duhu, sai ya yi dogon tsiro fari mai karyewa. Abin da ake so shi ne gajeren tsiro mai kauri, kamar rabin inci. Kada ka yanka iri biyu don ya yi yawa. A ƙasar sanyi suna yin haka, amma nan yankakken iri ruɓewa yake yi.

Yanzu ga buhu. Buhun taki mai kilo 50 shi ya fi, farin nan. Ka juya cikinsa, ka cire ledar in yana da ita, ka wanke shi da ruwa sosai. Ka huda gindinsa wuri shida ko takwas da tsinin wuƙa don ruwa ya riƙa fita. In ba ka da buhu, tsohuwar randa da ta tsage ta yi, ko kwando, ko bokitin da ya fashe, muddin zurfinsa ya kai kamu ɗaya. Randa ma ta fi duka, don tana riƙe sanyi. Baƙar roba da garwar ƙarfe ba na son su, rana takan gasa su har ƙasar ciki ta yi zafi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku da girman Allah. Kada wani ya shuka abinci cikin duro ko galan ko bokitin da aka dama maganin feshin auduga, ko an wanke shi sau goma. Kada kuma a ɗebi ruwan ban dankali da shi. In ka ga ƙwari a kan ganye, kada ka ce bari in fesa ragowar na auduga. Auduga ba a cinta, maganinta kuwa an yi shi da ƙarfi. A lardin Borgu na ƙasar Benin, cikin kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, an ƙirga mutum 37 da maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe, da yawansu ta hanyar abinci ne ya shige su. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a hana shi. Magungunan da muke fesawa yanzu wasu ne dabam, amma su ma dafi ne. Buhun nan a tsakar gida zai zauna, inda jariri ke rarrafe.

Ƙasar da za ka zuba ta zama mai taushi. Ka ɗebi kashi biyu na ƙasar jigawa ta sama, ka haɗa da kashi ɗaya na takin dabbobi wanda ya ruɓe ya huce, ya zama baƙi kamar gari. Ɗanyen taki yakan ƙone tsiro, yakan kuma jawo gara. Laka ba ta yi, domin takan ɗaure ta hana 'ya'ya girma. Kada ka ɗebi ƙasa daga inda aka noma tumatir ko barkono ko gauta ko taba a shekarun nan. Su da dankalin Turawa dangi ne, cutarsu ɗaya. Ka zuba takin zamani, watau kamfa mai 15-15-15, cikin akwatin ashana ɗaya a kowane buhu, ka gauraya sosai. Kada ka sa yuriya don kana da ragowa. Ganye za ta ba ka, ba 'ya'ya ba.

In za ka shuka, ka naɗe bakin buhun ƙasa kamar yadda ake naɗe ƙafar wando, har ya rage rabi. Ka zuba ƙasa inci 6, ka jera iri biyu, ko uku in ƙanana ne, tsiron yana kallon sama. Ka rufe da ƙasa inci 4, ka ba shi ruwa. Kada haɗama ta sa ka jefa biyar ko shida, za su yi ta cin juna ne. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga ya huda. In tsawonsa ya kai inci 8, ka warware bakin buhu kaɗan, ka ƙara ƙasa har rabin karan ya nutse, ka ƙara rabin akwatin ashana na taki a gefe, nesa da kara. Bayan mako biyu ka sāke ƙara ƙasa. Sau biyun nan ya isa.

Samari masu waya za su ce mini sun ga ana ta ƙara ƙasa har buhu ya kai ƙirji, wai kowane hawa da nasa 'ya'yan. Ni ma na gani, na kuma gwada a buhu biyu. Da na juye, 'ya'yan duk suna ƙasa kusa da uwar iri, sama babu kome sai kara. Amfanin ƙara ƙasa shi ne ta rufe 'ya'yan kada haske ya taɓa su, ta kuma riƙe musu sanyi. Dankalin da haske ya taɓa yakan yi kore, koren nan kuwa dafi ne, yana sa amai da ciwon ciki, dafuwa ba ta kashe shi. In kore kaɗan ne a fere shi da zurfi, in ya yi yawa a yar. Ganyen ma haka yake, ba a miya da shi, ba a ba dabba. Ka kewaye buhunanka da zana ko ƙaya saboda awaki da kaji.

Ka ajiye buhunan inda hantsi ke samunsu, amma inuwar katanga ta rufe su da la'asar. Ka jera su jikin juna, ka jingina karan dawa ko tsohuwar zana a gefen da rana ke duka. Kada ka ɗora su kan siminti tsirara, ka sa bulo ko itace a ƙarƙashi.

Ban ruwa shi ne aikin kullum. Iskar hunturu tana busar da buhu da sauri. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji ta bushe har gaɓa ta biyu, tana son ruwa. Galibi buta ɗaya kowace safiya ta ishi buhu, in ganye ya yi yawa a ƙara rabi da yamma. A zuba a gindi, ban da kan ganye. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko gero duk sun yi, sai a tara su cikin kwano kada su tafi a banza. Ruwan wanki mai omo ban yarda da shi ba. Abin da dankali ya fi ƙi shi ne a bar shi ya bushe kwana uku, sa'an nan a cika shi da ruwa. Wannan ke sa 'ya'ya su tsage. In ka ga darɓa ko farin ƙuda a bayan ganye, ka daka 'ya'yan dogon yaro cike da hannu biyu, ka jiƙa cikin ruwan buta biyu ya kwana, ka tace ka yayyafa da yamma. In tushe ɗaya ya yanƙwane alhali ƙasarsa da laima, ka ɗauke buhun duka ka fitar da shi daga gida, kada ka mayar da ƙasarsa cikin sauran.

Wajen kwana 80 ganye zai fara rawaya ya kwanta. Kada ka ji tsoro, nuna ce. Ka daina ban ruwa, ka yanke karan, ka bar buhun kwana 10 don bawon ya yi ƙwari. Sa'an nan ka shimfiɗa tabarma cikin inuwa ka juye. Babu fartanya balle ta sare maka dankali.

Ba zan yi muku ƙarya a kan abin da za ku samu ba. Buhun da aka kula da shi yakan ba da kilo ɗaya zuwa biyu. Ba zai biya bashin taki ba, ba zai aurar da ɗiya ba. Abin da zai yi shi ne ya sa abinci cikin tukunya a lokacin da kuɗin auduga ya fara ƙarewa. Ga kuma wani abu da ya kamata ku lura da shi. Azumin 2025 ya kama ran 1 ga Maris, kowace shekara kuwa yana matsowa da kwana 10 ko 11. Watau shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin haƙar dankalin hunturu, kun kuwa san yadda ake neman dankali da ƙwai wajen buɗa baki, kun san yadda kuɗinsa ke tashi. Wanda ya shuka farkon Nuwamba zai juye buhunsa farkon Fabrairu. Abin da ba ku ci ba, ku sayar da wuri. Dankali ba ya jure bazara. Ku ajiye shi cikin duhu inda iska ke shiga, cikin kwando, ban da leda, mako uku ko huɗu. Kada ku ce za ku ɓoye iri har baɗi. Wata tara na zafi zai shanye shi, irin da aka maimaita kuma yakan tara cuta ya ƙanƙance. Kowace shekara a sayo sabo.

Da na gane kuskurena, shekarar da ta biyo na shuka buhu goma ran 10 ga Nuwamba. Tsohuwata ce ta yi ban ruwan duka, ni ina wajen awon auduga. Buhu ɗaya ya yanƙwane na fitar da shi, tara suka yi. Ita ta riƙe kuɗin abin da aka sayar, ta ce ladan butarta ne.

Wana kuwa na ce masa ya bar wahalar da kansa, ya shuka dankalin Hausa cikin bokitansa. Shi wannan zafi yake so, ba ya bukatar iri sai yankin yaɗo mai tsawon kamu ɗaya, wata huɗu ya nuna, ganyensa ma ana miya da shi. Ya yi haka, ya kuwa samu. Ku ma in damina ta faɗi, kuna iya zuba sabuwar ƙasa cikin buhunan nan ku dasa dankalin Hausa. In kun sami mai jan ciki, irin mai kamar karas, ya fi amfani ga idon yara. Tsohuwar ƙasar buhu kuwa a kai ta gonar dawa ko ta auduga, kada a sāke shuka dankalin Turawa cikinta.

Wanda ke son iri bana, ya ba Sarkin Noma sunansa da yawan buhunan da zai yi kafin ƙarshen Satumba, don mu haɗa kuɗi mu aika mutum ɗaya ya sayo gaba ɗaya, in duba shi da idona kafin a raba. Ran kasuwa mai zuwa bayan la'asar zan kawo buhu da ƙasa nan ƙofar gidan Mai Unguwa, in haɗa guda a gabanku. Kowa ya zo da buhunsa wankakke, ya kuma zo da yaron da zai riƙa ban ruwa.